Tayin bogi a gwanjon tsofaffin agogo: yadda ake yi, da inda kuɗin mai saye ke zurarewa

Koken da ake yawan ji daga masu sayen tsofaffin agogo a gwanjon intanet kusan iri ɗaya ne. Agogo ya kwana biyar yana zaune a dala 300, mutum ya saka tayinsa, kafin gari ya waye wani asusu da ba shi da tarihin ciniki ya bi shi da ƙananan tayi, ɗaya bayan ɗaya, har farashi ya tsaya daf da iyakar da ya saka. Daga nan asusun ya yi tsit. Mutum ya ci gwanjo, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, domin yana jin kamar an leƙa aljihunsa kafin a faɗa masa farashi.

Zargin yana da tushe. Tayin bogi shi ne mai kaya, ko abokinsa, ko wani asusunsa na biyu, ya riƙa taya kaya ba da niyyar saye ba, sai don ya ɗaga wa mai saye na gaskiya farashi. Malaman fiƙihu sun san shi tun da daɗewa da sunan najash, an kuma ruwaito haninsa daga Manzon Allah (SAW) a Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim ta hanyar Abdullahi ɗan Umar. Duk wanda ya san kasuwar kara ya san yadda wani zai tsaya gefe yana ƙara kuɗin sa alhali ko igiyar ba zai taɓa ba. Bambancin intanet shi ne ba ka ganin fuskar mai tayin, kuma na'ura ce ke riƙe da sirrin iyakarka.

Sai an fahimci wannan na'urar kafin a gane dabarar. A eBay, shafin saye da gwanjo na intanet, idan ka rubuta dala 800, ba dala 800 ake nunawa ba. Shafin zai ɓoye adadin, ya riƙa taya maka da mafi ƙarancin ƙarin da zai sa ka zama a gaba. Ƙarin yana da matakai: tsakanin dala 250 da 499.99 ana ƙara dala 5, tsakanin 500 da 999.99 dala 10, tsakanin 1,000 da 2,499.99 dala 25. Ke nan idan agogo yana dala 300 ka saka 800, allo zai nuna 305. Idan ba wanda ya sake tayawa, a 305 za ka ɗauka. Ratar da ke tsakanin 305 da 800 ita ce abin da ɗan zuga, wato mai tayin bogi, yake farauta, kuma kai ne ka ajiye masa ita tun kwanaki kafin a rufe.

Hanya mafi sauƙi ita ce tsattsaga. Ɗan zuga zai saka 350, na'ura ta ɗaga ka zuwa 355. Ya saka 400, ta kai ka 405. Haka zai yi ta yi da lambobi masu cika, yana kallon ko har yanzu kai ne a gaba. Alamar da yake jira ita ce lokacin da ƙarin na'ura ya gaza cika mataki, ko tayinsa ya yi kunnen doki da naka, domin a nan ya san ya taɓo rufin. Sai ya janye hannu.

Hanya ta biyu ta fi muni, domin tana tona adadinka gaba ɗaya. Wani asusu zai jefa babban tayi, a ce dala 1,500. Nan take farashi zai tashi zuwa 810, wato iyakarka da ƙarin mataki ɗaya. Yanzu kowa ya san ka tsaya a 800. Sai mai asusun ya janye tayinsa da hujjar cewa kuskuren rubutu ya yi, farashi ya koma 305, bayan 'yan sa'o'i wani asusu dabam ya saka 790. Na'ura za ta kai ka 800 cif, ka ci gwanjo a kan ƙarshen abin da ka yarda ka biya. Dokar eBay ta ba da damar janye tayi idan an yi kuskuren adadi ko mai kaya ya canza bayanin kayan sosai. Idan saura fiye da awa 12 a rufe, janyewar na share duk tayin mutum. Idan ƙasa da haka ne, sai tayinsa na ƙarshe kawai, kuma cikin awa ɗaya da saka shi. Saboda haka a duba ƙasan shafin tarihin tayi, inda ake jera waɗanda aka janye ko aka soke. Janyewar da ta biyo bayan tayinka kai tsaye, mai adadin da ya ninka farashi, ita ce alama mafi ƙarfi da mai saye zai iya gani da idonsa.

Ta uku ita ce a bar ɗan zuga ya ci gwanjon. Bayan kwana ɗaya ko biyu saƙo zai zo maka cewa wanda ya ci bai biya ba, ga dama ta biyu, abin da eBay ke kira Second Chance Offer. Mutum zai ji daɗi kamar rabo ne ya dawo. Amma farashin da ake ba ka shi ne iyakarka ta ƙarshe, dala 800, alhali da wancan asusun bai shiga ba da wataƙila a 420 aka rufe. Kafin ka amsa, koma tarihin tayi, cire duk tayin wanda aka ce ya ƙi biya, ka ga inda mai saye na uku ya tsaya. Wannan adadin da ƙarin mataki ɗaya shi ne farashin adalci. Idan mai kaya da gaske yake, zai iya sake saka agogon a wannan farashin ka saya kai tsaye. Saƙon dama ta biyu da ya zo ta imel kaɗai, ba ya cikin akwatin saƙonninka na shafin, ko ya ce ka tura kuɗi ta banki, wannan ba tayin bogi ba ne ma, damfara ce tsagwaronta, galibi daga wanda ba shi da alaƙa da agogon ko kaɗan.

Sai dai fa a yi adalci. Yawancin abin da ake zargi ba tayin bogi ba ne. Sabon shiga da bai san yadda na'ura ke aiki ba yakan yi ta ƙara dala 5 sau goma sha biyar yana mamakin me ya sa kullum ana wuce shi. Akwai dillalan agogo da ke bin mai kaya guda saboda sun yarda da kayansa, don haka ganin asusu ɗaya a gwanjonsa da yawa ba hujja ba ce. Asusu mai makin ciniki sifili ma, wato wanda ba a taɓa ba shi shaidar kammala ciniki ba, yana iya zama na mutumin da ya buɗe shi jiya don wannan agogon kaɗai. Abin da ke sa zargi ya yi nauyi shi ne haɗuwar alamomi: asusu mai ƙaramin maki, wanda ke bayyana jim kaɗan bayan kowane tayi na gaskiya, yana taya kayan mutum ɗaya ko da agogo ne yau gobe takalmi, ba ya taɓa ci, idan kuma ya ci sai kayan su dawo kasuwa bayan mako biyu. eBay na rufe sunayen masu tayi, haruffa biyu kawai da taurari ake gani, amma makin cinikin da ke gefen sunan yana taimakawa wajen bin sawun asusu ɗaya daga gwanjo zuwa gwanjo. Agogo kuwa ba ya ɓuya: lambar jikinsa, da karcen da ke kan murfin baya, da tabon da ke fuskarsa, duk za su nuna maka cewa shi ne aka ce an sayar a watan jiya.

Hukuma na kama masu yi, amma jefi-jefi. A watan Mayun 2000 wani zane da aka shirya don ya yi kama da aikin mai zane Richard Diebenkorn ya kai dala 135,805 a eBay, a 2001 kuma masu gabatar da ƙara na tarayya a Kalifoniya suka gurfanar da mutum uku bisa amfani da asusu masu yawa wajen zuga farashi. A Ingila, a 2010, kotu ta ci tarar wani mutum tare da ɗora masa aikin al'umma na awa 250 saboda taya kayansa da asusu na biyu. Waɗannan shari'o'i sun yiwu ne domin masu bincike sun samu bayanan da ke hannun kamfani, irin su adireshi da hanyar biyan kuɗi da na'urar da aka shiga da ita. Mai saye ba shi da ko ɗaya daga ciki. A ganina wannan ne ya sa ɓata dare ana ƙoƙarin tabbatar da laifi ba ya dawo da ko sisi. A kai rahoto ga shafin, a ajiye hotunan tarihin tayi, amma kariyar gaske tana wurin yadda aka saka tayi tun farko.

A gwanjon da ke rufewa a ƙayyadadden lokaci, kamar na eBay, maganin shi ne tayi ɗaya, a daƙiƙa biyar zuwa goma na ƙarshe, da cikakken adadin da ka yanke. Ɗan zuga ba zai iya tsattsagar iyakar da ba a saka ba tukuna. Ana iya yi da hannu, amma intanet na iya tsinkewa a daidai lokacin, shi ya sa mutane ke amfani da shafuka irin su Gixen da ke jefa tayin a madadinsu, kuma eBay bai hana hakan ba. Kada adadin ya zama mai cika. Mutane da yawa na tsayawa a 800 ko 850, don haka 807.53 na iya ba ka nasara da 'yan kuɗi kaɗan, tunda idan tayi biyu sun yi daidai wanda ya riga sakawa ne ke ci.

Wannan dabarar ba ta aiki a inda ake ƙara lokaci. Shafin gwanjo na Catawiki na tsawaita gwanjo duk lokacin da aka taya daf da rufewa, haka ma a Yahoo Auctions na Japan mai kaya na iya kunna ƙarin minti biyar ga duk tayin da ya shigo a minti biyar na ƙarshe. A irin waɗannan wurare gwanjo na iya jan rabin awa, kuma a nan ne mutum ke wuce gona da iri ko babu ɗan zuga: ya riga ya ƙwallafa rai, yana ganin ƙarin yuro 20 ba komai ba ne, sai ya maimaita hakan sau takwas. Rubuta iyakarka a takarda kafin a fara, ka saka ta, ka rufe shafin. Gwanjon da ake yi a sharhin Instagram ko Facebook ko rukunin WhatsApp kuwa ba shi da ko tarihin da za a duba, mai kaya na iya goge sharhi ya ƙara wani yadda ya ga dama. Ban ga dalilin da zai sa a saka kuɗi masu nauyi a can ba.

Manyan gidajen gwanjo suna da nasu salon da doka ta amince da shi a wurare da yawa. Idan mai kaya ya sa farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, mai gwanjo na iya kiran tayi a madadinsa har zuwa daf da wannan adadin, ko da ba kowa a zauren da ya ɗaga hannu. Yana rubuce a sharuɗɗan cinikinsu. Ma'anarsa ita ce tayin da kake gani ƙasa da wancan adadin ba lallai ne ya nuna akwai mai so ba.

To, ta yaya ake yanke iyaka? Daga farashin da aka sayar, ba wanda aka nema ba. Farashin da ke Chrono24, shafin tallan agogo, na masu neman mai saye ne, agogo na iya shekara a can ba a taya ba. A eBay a tace sakamako zuwa kayan da aka sayar, a nemo aƙalla biyar zuwa goma masu lambar samfuri ɗaya da yanayi mai kama, a jefar da mafi tsada da mafi araha, a ɗauki na tsakiya. A lura cewa wannan jerin ma yana da gurɓata: gwanjon da ɗan zuga ya ci ba a biya ba yana iya fitowa a matsayin wanda aka sayar, inda kuma aka ja layi a kan farashi to an yi ragi, adadin da ke rubuce ba shi aka biya ba. Farashin 2021 zuwa farkon 2022 kuma ba ma'auni ba ne, lokacin kasuwar agogo ta yi tashin gwauron zabi ne, daga baya ta sauko.

Daga nan sai lissafi da baya. A ce bincike ya nuna agogon, idan lafiyarsa ƙalau, ya kai yuro 1,000. Tsohon agogon da ba a nuna takardar gyaransa ba a ɗauka yana buƙatar a kwance injin a wanke a sa mai. A ce mai gyara zai karɓi 250. Aikowa da inshora 60, sabon gilashi da maɗauri 40. Saura 650. Idan la'adar shafin kashi 9 cikin ɗari ce da ƙarin yuro 3, kamar yadda Catawiki ke karɓa, to 647 a raba da 1.09, iyakarka yuro 593. Idan gidan gwanjo ne mai la'adar kashi 26, 650 a raba da 1.26, iyakarka 515. Mutane da yawa na manta la'adar nan har sai takardar biya ta zo. Agogon Rolex Daytona na ɗan fim Paul Newman da aka sayar a gidan gwanjo na Phillips a Oktoban 2017 an buga guduma a dala miliyan 15.5, amma abin da aka biya dala 17,752,500 ne. Sannan a ƙara harajin VAT na shigo da kaya, wanda a Birtaniya kashi 20 ne, a Jamus 19, da ratar canjin da banki zai ci idan da katin naira ko sefa za a biya. Maɗaurin fatar kada na iya sa kwastam su riƙe kaya saboda CITES, yarjejeniyar kare namun daji daga fatauci, gara a ce wa mai kaya ya cire shi kafin ya aiko.

Duk da haka, asarar da tayin bogi ke jawowa ba ta kai wadda agogon kansa ke jawowa ba. Ɗan zuga ba zai wuce da kai iyakar da ka saka ba, amma fuskar da aka sake wa fenti na iya rage darajar agogo da rabi, kuma ba za ka sani ba sai ranar sayarwa. A watan Nuwamban 2021 an sayar da Omega Speedmaster na 1957, samfurin 2915-1, a gwanjon Phillips a Geneva kan faran 3,115,500 na Suwizalan, alhali an ƙiyasta shi tsakanin 80,000 da 120,000. Kamfanin Omega ne ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya bayyana cewa agogon haɗe-haɗe ne na sassan agogo dabam-dabam, ya kuma zargi tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a lamarin. Idan irin wannan ya wuce ta gaban ƙwararru, mai saye daga hotuna shida a waya sai ya ninka hattara.

Fara da fuska. Nemi hoto na kusa, a miƙe, cikin hasken rana. Rubutun masana'anta siriri ne mai kaifi; wanda aka sake yana da kauri, haruffa ba su daidaita ba, ƙananan layukan minti ba sa faɗawa daidai kan alamomin awa. Fuska fes kamar ta jiya a cikin jikin da ya sha jiki abin tambaya ce. Daga Indiya ana fitar da ɗimbin agogunan HMT da Seiko 5 da Citizen da Favre-Leuba masu fenti kala-kala da masana'antun ba su taɓa yi ba, arahar su ce ke jan sabon shiga. Sinadarin da ke haske da dare ma shaida ne. Har farkon shekarun 1960 radiyam ake amfani da shi, daga nan tiritiyam har ƙarshen shekarun 1990, shi ne ake rubuta T SWISS T ko T<25 a ƙasan fuska. Ƙarfin tiritiyam na raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 12, saboda haka agogon 1968 da ke haske kore shar tsawon dare an sake masa sinadari ko an canza hannayensa. Launin da ke kan hannaye da na alamomin awa ya kamata su tsufa tare.

Sai lambobi. A tsofaffin Omega lambar samfuri na cikin murfin baya, lambar siriyal na kan inji, kuma dole shekarunsu su yi daidai da nau'in injin: Speedmaster ya yi amfani da inji 321 har ƙarshen shekarun 1960, sannan 861 ya gaje shi. A tsofaffin Rolex lambar samfuri na tsakanin ƙafafun da ke riƙe sarƙa a sama, wajen ƙarfe 12, siriyal na wajen ƙarfe 6, sai an cire sarƙa ake gani. Seiko ya fi sauƙi: lambar farko ta siriyal ita ce ƙarshen shekara, ta biyu wata, inda O da N da D ke nufin Oktoba da Nuwamba da Disamba. Lamba irin 6139-6002 a murfi na nufin inji 6139 a jiki 6002, kuma 6139 ɗin ya kamata ya bayyana a ƙasan fuska da kan injin kansa. Mai kayan da ya ƙi buɗe baya ya nuna inji, a rage tayi kamar an tabbatar akwai tsatsa, ko a bar masa kayansa. Idan yana da na'urar auna bugun agogo, nemi hoton sakamakon: lilon inji daga digiri 250 zuwa sama bayan an wana shi ya cika alama ce mai kyau ga tsohon agogo, ƙasa da 200 gyara na jira. Gefunan jiki da suka yi sumul sun rasa kaifinsu na nuna an goge shi da inji, kuma ƙarfen da aka cinye ba ya dawowa.

Tun 2020 eBay ke tantance agogon da ya kai dala 2,000 a Amurka kafin ya isa hannun mai saye. Yana da amfani, amma tantancewar ta tsaya ne a kan ko agogon na gaske ne kuma ya dace da bayanin da aka rubuta, ba ruwanta da ko ka biya fiye da kima. Kariyar mayar da kuɗi ta eBay kwana 30 ce daga isar kaya, ta PayPal kwana 180 daga biya idan kaya ba su iso ba, kuma kuɗin da aka tura ta zaɓin PayPal na aika wa 'yan uwa da abokai ba su da kariya ko kaɗan, shi ya sa wasu masu kaya ke roƙon a bi ta nan da sunan rage caji. Ga wanda ke saye daga Najeriya ko Nijar ko Gana ta hannun kamfanin da ke karɓar kaya a Amurka ko Birtaniya ya sake turo su, akwai tarko: a wurin eBay kaya sun isa tun ranar da suka shiga rumbun kamfanin, kuma sake tura su na iya soke kariyar. A biya kamfanin ya buɗe kwalin ya ɗauki hoton fuska da murfin baya da lambar siriyal tun agogon yana can, a gwada da hotunan talla, sannan a ba da umarnin turowa.